Ruwan Teku da Babban Yatsan Baba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, ina zana wa yara teku a allo da shuɗin alli, ina faɗa musu zurfinta da faɗinta kamar a can aka yanke mini cibiya. Amma ban taɓa ganinta da idona ba sai da surukina ya zo ya zauna a gidanmu.

Baba mai gyaran batirin mota ne. Shekara arba'in yana wannan sana'a a shago ɗaya, har ruwan batir ya cinye masa zanen yatsu, wayar hannu ba ta gane shi sai dai a sa masa lambobi. Da hukuma ta tashi faɗaɗa titin da shagonsa yake, aka ce kowa ya rufe na wata biyu. 'Ya'yansa suka yi shawara ta waya, suka ce ya tafi wurin Auta ya huta. Auta ita ce matata. A gidansu kaɗai ake kiranta haka. A wurin aiki Dakta ce, ni ma Dakta nake ce mata, musamman in ina neman wani abu.

Hutu bai karɓi Baba ba. Kwana uku da zuwansa ya gama da duk abin da ke cin batir a gidan: rimot, tocila, agogon bango, har da ma'aunin nauyi na banɗaki, wanda da gangan muka bar shi a mace. Rana ta huɗu ya fita ya buɗe bonet ɗin motar maƙwabci ba tare da an gayyace shi ba. Rana ta biyar, muna shan shayi da safe, ya ajiye kofi ya ce wa 'yarsa shi fa mutane suna tambayarsa aikin da take yi. Shekara da shekaru yana ce musu likita ce amma ba ta allura ba, yau yana son ya ji daga bakinta.

Dakta ta ture kwanon sukari gefe, ta jawo kwalbar gishiri da cokali don misali. Ta ce hoda take haɗawa, baƙa wuluk kamar garin gawayi. Ƙarafa biyar take cuɗawa cikin juna, nikel da kobalt da baƙin ƙarfe da wasu biyu da ni ma ban riƙe sunansu ba, su fito ƙwayoyi ƙanana waɗanda in ka jera dubunsu gefe da gefe ba su kai kaurin gashi ɗaya ba. In aka shafa hodar a jikin ƙarfe, aka tsoma a ruwa, aka sa wutar lantarki, sai ruwan ya rabu gida biyu: haidrojin, wadda ake yin makamashi da ita, da oksijin, wadda muke shaƙa. Ko babu hodar ruwan zai rabu, amma sai ya sha wuta mai yawa.

"To, dillaliya ce ke nan," in ji Baba. "Ta sa an yi ciniki, ita ba ta saya ba, ba ta sayar ba."

Ta ce haka ne. Matsalar kawai ita ce ruwan sha ya yi wa duniya kaɗan, ba a taɓa shi, teku ce ke da yawa. Ruwan teku kuma gishiri gare shi, in wuta ta bi ta cikinsa yana fitar da kilorin mai cin ƙarfe, don haka dole hodar ta iya zaɓen oksijin ta ƙyale kilorin, kuma ta daɗe ba ta lalace ba. Baba ya gyaɗa kai. Cin ƙarfe dai ba wanda zai koya masa.

Inda suka saɓa shi ne da ta ce wannan hodar dai ita take sawa a wani irin batir. Gefe ɗaya ƙarfen tutiya, ɗaya gefen kuma ba komai sai iska, wadda ke shiga ta wasu ramuka da aka huda a murfinsa. Baba ya yi dariya har shayi ya ƙware shi, na tashi ina bubbuga masa baya a hankali, irin bugun da ya dace da suruki.

"Auta," ya ce da ya samu numfashi, "a shagona batirin da ke shan iska sunansa fasasshe."

Sati biyu bayan haka Dakta ta dawo gida fuska a murtuke. Ta aika rahoton bincikenta wata mujalla, masu tantancewa sun dawo da shi. Sun ce aikin ya yi kyau, amma ruwan da ta gwada hodar da shi ruwan da aka tace ne aka zuba wa gishiri. Su ruwan teku na gaske suke so, da duk tarkacen da ke cikinsa. Teku kuwa tafiyar awa bakwai ce daga garinmu. Ita kuma ba ta da halin motsawa, saboda akwai batir ɗaya da ta ɗora a gwaji, ana cika shi ana sauke shi ba tsayawa, ya riga ya yi awa ɗari huɗu, tana son ya kai dubu. Tana duba shi safe da yamma kamar mai jinya.

Ban san lokacin da bakina ya ce zan je ba. Makaranta tana hutu, mota tana da lafiya. Baba ya ce ai ba za a bar Malam ya tafi shi kaɗai ba, ya shiga ɗaki ya fito da jakar kayan aikinsa tun ba a sa ranar tafiya ba.

Dakta ta ba mu jarka shida sababbi da takardar umarni shafi biyu. Kada mu ɗebo a bakin gaɓa. Kada mu ɗebo kusa da kwata ko inda jirage ke zubar da baƙin mai. Kowace jarka a ɗauraye ta da ruwan tekun sau uku kafin a cika. A rubuta lokaci da wuri da zafin ruwan. A ƙasan shafi na biyu ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada Baba ya gyara wa kowa komai a hanya.

Duk wanda bai taɓa tuƙa surukinsa na awa bakwai ba bai san tsawon titi ba. In na yi gudu sai ya yi gyaran murya, in na rage sai ya duba agogo. Rediyo kuwa ya hana a kunna, ya ce yana sauraren injin. Abokiyar hirarsa ɗaya ita ce muryar matar nan da ke cikin taswirar waya. In ta ce a juya dama sai ya ce, "To, mun ji." Da ta sa muka bi wata hanya mai ramuka, ya sunkuyo kusa da wayar ya tambaye ni a hankali, don kada ta ji, ko yarinyar nan ta taɓa zuwa wurin da kanta.

Wajen ƙarfe uku na rana muka hau wani tudu, sai ga ta. Na faka motar a gefen titi ba tare da na yi niyya ba. Ba shuɗiya ba ce. Toka-toka ce, da ɗan kore, da wani farin kumfa a bakinta, kuma ba ta da ƙarshe, sama ce kawai ta sauko ta zauna a kanta. Ga wani ƙarni na kifi da gishiri da ba littafin da ya taɓa gaya mini. Na daɗe a tsaye. Da Baba ya ga na fara goge ido, sai ya ce iska ce, shi ma ta dami nasa idon.

A bakin gaɓa muka tarar da jerin kwale-kwale, da wasu mutane sun kewaye wani babba mai inji. Mai shi, wani dattijon masunci mai furfura a gira, yana ta murɗa makulli, injin yana yin ƙyat-ƙyat yana shiru. Na ga kunnen Baba ya motsa. Na tuna masa da shafi na biyu. Ya ce takardar cewa ta yi a hanya, mu kuwa mun iso.

Ya ratsa mutanen, ya yi sallama, ya durƙusa. Kawunan batirin sun yi fari da kore kamar an barbaɗa musu gari. Ya aika a karɓo masa ruwan zafi wurin mai shayi, ya zuba, ya kankare da wuƙa, ya yanko ɗan gwangwani ya cusa inda maƙalin ya yi sako-sako, ya ɗaure tam. Ya ce a murɗa. Injin ya tashi da hayaƙi, mutane suka yi ta sa albarka. Da masuncin ya ji abin da ya kawo mu, ya ce mu shigo da jarkokinmu, zai kai mu inda ruwan yake da tsabta kamar hawaye.

Abin da ya biyo baya ba na son dogon bayani a kansa. Minti goma da barin gaɓa cikina ya juya. Na kwanta a ƙasan jirgi tsakanin raga da igiya, malamin labarin ƙasa guda, ina riƙe da biro da takarda, ina roƙon Allah ya nuna mini busasshiyar ƙasa. Baba kuwa, mai shekara saba'in, yana tsaye ƙafa a ware kamar a jirgi aka haife shi. Shi ya ɗauraye jarkokin sau uku-uku, yana ƙirgawa da ƙarfi don in shaida. Shi ya tsoma ma'aunin zafi ya karanto mini lamba, ni kuma na rubuta daga kwance. Ina jinsa yana yi wa masuncin bayani da cikakken iko, cewa 'yarsa za ta raba wannan ruwa biyu, rabi a shaƙa, rabi a tuƙa mota da shi. Masuncin ya dubi teku, sannan ya ce in haka ne mu ƙara ɗiba, su dai tana musu yawa.

Muka kwana a wani masauki, da safe muka kamo hanya. Mun ci rabin tafiya muka iske shingen bincike. Wani jami'i ya leƙa bayan mota ya ga jarka shida a jere, ya ce in sauko. Ya tambayi abin da ke ciki, na ce ruwa. Ya dube ni irin duban da nake yi wa yaron da ya ce akuya ta cinye masa aikin gida. Ya buɗe ɗaya ya shinshina, bai ji komai ba, abin ya ƙara ba shi zargi. Ya ce wane mai hankali ne zai ɗauko ruwa daga wannan nisa, ko garinmu famfo ya ƙafe.

Ina cikin neman wata takarda da Dakta ta ba mu mai hatimin jami'ar da take aiki, sai Baba ya sauke gilashi, don ya taimaka.

"Ranka ya daɗe, mai za a yi da shi."

Aka kira babbansu. Babban ya zo da tumbinsa, ya karanta takardar sama da ƙasa, ya ce shi bai yarda da takarda ba sai abin da harshensa ya gaya masa. Ya tsoma yatsa ya lasa. Bai gamsu ba, ya tsiyaya a murfin jarka ya kurɓa. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya. Ya juya baya ya tofar, yaransa suna kallon sama don kada su yi dariya. Da ya dawo hayyacinsa ya ce mu tafi, mu gaida Dakta, in abin ya yiwu ta tuna da babur ɗinsa.

Washegari muka kai ruwan ɗakin gwaje-gwaje. Mai kula da ɗakin wata mata ce da ta kusa ritaya, kowa yana ce mata Anti Ƙa'ida, don duk abin da ka tambaye ta dalilinsa amsarta ɗaya ce. Ta tare mu a ƙofa ta ce baƙi ba sa shiga. Dakta ta roƙe ta, ta ce mahaifinta ne, kuma shi ya ɗebo ruwan. Anti ta auna Baba da ido, ta kawo masa farar riga da tabarau na kariya da safar hannu, ni ma haka. Ta ce kada mu ci, kada mu sha, kada mu taɓa. Baba ya sa farar rigar ya tsaya gaban gilashin kabad ya ɗan daɗe.

Ɗakin dogo ne, da tebura masu baƙin saman dutse, da kwalabe, da wata na'ura da ke gurnani a kusurwa. Dakta ta nuna mana kwalbar da za a zuba ruwanmu, da ɗan ƙarfe mai kamar soso wanda aka shafa wa hodar, an maƙale shi da wani maƙali mai baki irin na kada. Da ta kunna wuta sai ƙananan kumfa suka fara tashi daga jikinsa, jere-jere. Sannan ta kai mu wani tebur ta nuna wa Baba batirin da suka yi musu a kansa. Bai fi akwatin ashana ba, da ramuka a murfinsa kamar na kwalbar gishiri, an jona masa 'yar fanka tana ta juyawa. Kusa da shi akwai ɗan'uwansa, irinsu ɗaya, amma shi ba fanka, wayoyi ne suka fita daga jikinsa suka shiga bayan kwamfuta.

Nan aka kira Dakta a waya, Farfesa, shugaban sashensu, yana nemanta. Anti Ƙa'ida kuma ta tafi da jarkokin ɗakin sanyi. Aka bar ni da Baba.

Ya sunkuya ya duba batirin mai fanka ta sama, ya duba ta ƙasa, yana neman inda aka ɓoye na gaskiyar. Bai samu ba. Sai ya ɗora babban yatsansa a kan ramukan ya danne. Na ce, "Baba," a hankali. Ya ɗaga mini ɗaya hannun. Fankar ta ci gaba da juyawa na ɗan lokaci, sannan ta fara kasala, ta fara jan jiki, ta tsaya. Ya ɗage yatsa. Ta yi kamar tana tunani, ta motsa, ta kama gudu.

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ya ce, "Ikon Allah. Numfashi yake yi."

Amma mai sana'a ba ya yarda da gwaji ɗaya. Ya matsa wurin ɗan'uwan, ya danne shi ma. Ba fanka, don haka ba abin da ya gani. Ya ɗage, ya sake dannewa, ya daɗe. Ya yi na uku, ya fi daɗewa. Ya ce wannan kam ko dai ya mutu ko kuma mai haƙuri ne. Allon kwamfutar a kashe yake, ni kuma na ɗauka in allo ya yi baƙi to kwamfuta barci take yi. Muka cire fararen riguna muka koma gida.

Kwana biyu bayan haka Dakta ta dawo da takarda a hannu, ko gaisuwar kirki ba ta yi ba ta shimfiɗa ta a tebur. Zanen layi ne na ƙarfin batirin da ke gwajin awa dubu. Layin yana tafiya sama da ƙasa daidai wa daida kamar haƙoran zarto, awa ɗari biyar da wani abu, sai kwatsam ya faɗa rami uku, kowanne ya fi wanda ya gabace shi zurfi, sannan ya koma daidai kamar ba abin da ya faru. Ta ce ta duba wayoyi, ta duba wutar ginin, ta duba zafin ɗakin, ba ta ga dalili ba. Farfesa kuwa murna yake yi. Yana ganin ƙwayoyin ƙarfen ne suka lalace suka sake gyara kansu da kansu, abin da ba a taɓa gani ba a irin wannan hoda. Har ya fara tunanin sunan da za a sa wa abin, ya kira taro jibi.

Na dubi lokacin da ke ƙasan ramukan. Ranar da muka kai ruwa, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin. Daidai lokacin da aka bar ni da Baba ke nan.

Kwana guda na yi da abin a cikina. In na faɗa, na tona asirin surukina a gaban 'yarsa. In na yi shiru, matata za ta sa sunanta a kan abin da babu shi, ta tsaya gaban masana ta kare yatsan mahaifinta da lissafi. A ƙarshe na jira ta fita aiki, na samu Baba a baranda yana warware wata tsohuwar rediyo da ya tsinto a sito. Na zauna ƙasa da shi kaɗan, na yi ta kewaye-kewaye, na yi zancen zafi, na yi zancen titin shagonsa. Ya ce Malam, in akwai magana a ajiye ta, kada ta yi tsami a hannu.

Na nuna masa takardar, na nuna masa lokacin. Ya sa tabarau ya bi ramukan da yatsa, ɗaya, biyu, uku. Ya tambaya ko akwatin nan da ma yana rubuta duk abin da ya faru ko da fuskarsa a rufe. Na ce ashe haka ne. Na ce zan iya gaya wa Dakta cewa ni ne, tunda ni ma ina wurin ban hana ba. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Shekara arba'in ban taɓa ɓata batirin mutum na ce yaron shago ne ba. Gobe ka kai ni."

Ya hana ni gaya wa Dakta, ya ce wanda ya yi ɓarna shi ke kai kansa. Da safe ya sa rigarsa mafi kyau, muka bi bayanta da rabin awa.

Mun tarar an fara taron a wani ƙaramin ɗaki kusa da ɗakin gwajin. Farfesa, dogon mutum mai sanƙo da son alli, ya cika allo da zane-zanen ƙwallaye da kibau. Dakta na zaune da wasu abokan aikinta uku, Anti Ƙa'ida tana bakin ƙofa. Baba ya yi sallama, ya nemi gafara, ya ce shi ba mai ilimi ba ne amma yana da bayani a kan ramukan nan uku. Dakta ta dube ni, na dubi silin.

Ya ɗaga babban yatsansa na dama ya ce ga shi nan, wannan ne.

Ya ba da labarin tiryan-tiryan, bai rage komai ba, har da cewa Malam ya ce masa "Baba" shi kuma bai saurara ba. Dakta ta rufe fuska da tafin hannu biyu, kafaɗunta suna rawa, ban san kuka take yi ko dariya ba. Farfesa ya dubi allonsa, ya dubi yatsan, ya ajiye allin a hankali. Ya ce a kimiyya ba a karɓar magana sai an maimaita, don haka a je a gwada.

Muka ɗunguma ɗakin gwaji. Anti ta miƙa wa Baba safar hannu ba tare da ta dube shi ba. Aka kunna allon, Baba ya danne ramukan, kowa ya zuba ido. Layin ya fara gangarowa, ya faɗa rami na huɗu, sak 'yan'uwansa. Ya ɗage, layin ya hau ya koma wurinsa. Farfesa ya fara dariya, irin wadda ke farawa daga hanci, har sai da ya dafa tebur. Ya ce kwana biyu bai ci abincin kirki ba saboda wannan yatsa, har ya kira wani abokinsa a wata jami'a ya yi masa alfahari. Sannan ya goge ido ya ce wa Dakta ba a yi asara ba. An shaƙe batirin sau huɗu ya farfaɗo bai rage ƙarfi ba, wannan ma abin rubutawa ne, a dai faɗi gaskiyar yadda aka yi.

Baba ya cire safar hannu yana ninkewa. Ya ce tunda ya faɗi nasa laifin, a ba shi izini ya faɗi nasu. Ya nuna kwalbar da ruwan tekunmu ke ta kumfa a ciki. Ya ce tun shigowarsa ya hango maƙalin nan mai bakin kada ya fara kore. Gishiri yana hawa ta jikin soson yana cin sa, irin abin da ya gani a jirgin masunci, kuma nan da kwana kaɗan wuta za ta riƙa wucewa da ƙyar, su ɗora wa hodar laifi alhali ba ruwanta. Dakta ta matsa ta duba, ta buɗe littafinta, ta ce tun jiya lambobin suke ɗan sauka, ta ɗauka kilorin ne ya fara cin hodar.

Aka tambaye shi magani. Ya ce a ɗaga maƙalin sama da ruwan sosai, a liƙa waya da dalma maimakon a dogara da haƙoran kada, a rufe wurin da abin da gishiri ba ya ratsawa, shi a shago kakin kyandir yake narkawa. Dakta ta ce dalma da kyandir ba za su shiga kwalbarta ba, amma tana da wata waya da gishiri ba ya ci da wani gam da zai yi aikin kakin. Suka sunkuya su biyu a kan teburin, kai da kai, yana riƙe tana ɗaurewa, suna musu a kan tsawon wayar. Anti Ƙa'ida ta ce baƙo ba ya aiki a ɗakin nan. Farfesa ya ce to a rubuta shi a matsayin mai ba da shawara. Ta ɗauko rajista ta rubuta, ta sa shi ya sa hannu a wuri biyu.

Batirin ya kai awa dubu. Hodar kuwa a ruwan teku na gaske ta yi awa ɗari uku da 'yan kai kafin ta fara gajiya, ƙasa da abin da Dakta ta so, amma sama da abin da ta ji tsoro. Ta rubuta haka, mujallar ta karɓa, ita kuma ta koma canza yawan ƙarfe na huɗu a cikin haɗin, tana cewa a nan matsalar take.

Kafin nan an gama titi, an ce masu shaguna su dawo. Ranar tafiyar Baba Dakta tana da aji, ni na kai shi tasha. Na sa masa jakarsa a bayan mota, na samo masa kujerar gaba kusa da direba. Ya zauna, ya gwada ƙofar sau biyu, ya tambayi direban yaushe rabon da ya duba ruwan batirinsa. Direban ya ce bai daɗe ba. Baba ya ce a buɗe ya gani. Fasinjoji goma sha huɗu suka yi ta tsaki a cikin zafi, direban ya fito yana gunaguni ya ɗaga kujera, aka tarar ruwan ya kusa ƙafewa. Sai da aka aika aka kawo aka zuba sannan motar ta tashi, wata tsohuwa a baya tana cewa Allah ya yi wa wannan bawan Allah albarka, wani kuma yana cewa da ya sani da ya hau ta gaba.